Ba Jikinka Ne Ya Saba da Magani Ba, Ba Kuma Yuraniyom Ba Ne

A Arlit muna da amsa guda da ke buɗe kowace tambaya, kamar mabuɗin da ke shiga kowane kwaɗo. Akuya ta yi ɓari, yuraniyom. Yaro ya kwana yana tari, yuraniyom. Gashin dattijo ya zube, yuraniyom, ko da kuwa kakansa da sanƙo aka binne shi tun kafin Bature ya haƙa rami ko ɗaya a ƙasar nan. To kwanakin nan an ƙaro wata. Wai abin da ya sa magani ya daina ci a garin nan shi ne tiririn yuraniyom ya gasa ƙwayoyin cuta har sun yi taurin da babu kafson da ke huda su. Na ji ta a fada, na ji ta a motar Agadas, an kuma turo mini ita a WhatsApp da muryar wani mai magana kamar shi ya auna. Waɗanda ba su ɗauki wannan ba suna da tasu tsohuwar: "Ni jikina ya saba da amoksisilin, sai dai a ba ni mai ƙarfi."

Ban ɗauko alƙalami don in wanke kamfanonin ma'adinai ba. A 1971 SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a nan. COMINAK kuma ta yi ta haƙa a ƙarƙashin ƙasa daga 1978 har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe ta, ta bar tsibin dusar ma'adini da ake ƙiyasta ya kai tan miliyan 20 a gefen Akokan. Masu awon CRIIRAD sun zo a 2003, Greenpeace ta zo a 2009, kuma abin da suka tarar a wasu tituna da ruwan sha da tarkacen ƙarfen da ke yawo a kasuwa ba abin wasa ba ne. Ƙungiyar Aghir In'Man ta shekara da shekaru tana wannan kuka. Duk mai tsoron ƙurar garin nan da ruwansa yana da hujja. Sai dai laifi tudu ne. Idan muka ɗora wa ramin haƙa har laifin da ke cikin aljihunmu, ranar da aka cike ramin za mu waiga mu tarar da cutar tana nan zaune.

Abin da ya sa na zauna na yi wannan rubutu ɗiyar ƙanwata ce. Tana ajin ƙarshe, sashen D, burinta idan ta samu bak ta shiga karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, in ba ta samu ba Maradi ko Damagaram. Malaminsu ya ba su tambayoyin gwaji irin waɗanda ake tankaɗe masu neman likitanci da su, kowace da zaɓi huɗu, uku tarko ɗaya gaskiya. Ta kawo mini bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma. Da na duba sai na ga abin mamaki: kowane tarko da aka ɗana a takardar, magana ce da na taɓa ji a bakin wani babba a garin nan.

Tambaya ta farko: wa ya saba?

"Mutum ya sha amoksisilin sau da dama cikin shekara biyu. Yanzu ciwon fitsari ya kama shi, maganin bai yi masa aiki ba. Me ya sauya? (a) jikinsa ya saba. (b) bakteriyar ta bijire wa maganin. (c) jininsa ya yi rauni. (d) hantarsa tana ƙone maganin da wuri."

Ta zaɓi (b) ko tsayawa ba ta yi ba. Na ce, "Madalla. To me ya sa babanki ke cewa (a)?" Ta yi dariya ta ce, "Kawu, ai Baba bai yi ajin D ba." Na ce mata ba rashin karatu ne ya kai shi can ba, kwatance ne ya ɓatar da shi. Duk mun ga masu shan tramol: ya fara da guda, bayan wata biyu sai uku, bayan shekara sai ya ƙarar da kati bai ji komai ba. Wannan sabo ne na gaskiya, domin tramol a ƙwaƙwalwar mai sha yake aiki, ita ce kuma ke sabawa. Antibiyotik kuwa ɗan aike ne da ya shigo gidanka neman wani baƙo. Penisilin da danginsa, su amoksisilin da seftiriyakson, katangar da bakteriya ke ginawa kewaye da kanta suke hana ginuwa, sai ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan katanga, shi ya sa maganin ke wuce su bai taɓa su ba. Birus ɗin mura ma ba shi da ita. Wanda ya sha amoksisilin don murar hunturu ya ɗauko mai rushe gini ne ya kai shi rugar da babu ko tubali ɗaya.

Wani zai ce wannan ai jayayyar kalma ce. A'a. Da jiki ne ke sabawa, da matsalar ta tsaya ga mai shan, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma da yake ƙwayar ce ke bijirewa, ita kuwa tana tafiya daga hannu zuwa hannu, daga buta zuwa buta, daga gadon asibiti zuwa na kusa da shi, jaririn da aka haifa jiya, wanda bai taɓa haɗiyar ko rabin ƙwaya ba, yana iya kamuwa da cutar da magani uku ba su taɓa ta. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Wani bincike da aka yi a cibiyar kula da yara masu tamowa ta Médecins Sans Frontières a Maradi, aka wallafa a 2011, ya duba yara 55. Tun ranar da aka kwantar da su, 17 na ɗauke a hanjinsu da bakteriyar da ke lalata manyan magungunan dangin penisilin. Cikin yara 16 da suka shigo ba su da ita aka sake auna su lokacin sallama, 15 sun ɗauka. Maradi ba ta da ramin yuraniyom ko ɗaya.

A duniya kuwa, babban lissafin da mujallar The Lancet ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani. Yankin da ya fi kowane yawan mutuwa idan aka auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma: mutum 27 cikin kowane 100,000.

Tambaya ta biyu: inda kowa ke faɗawa

"An zuba bakteriya miliyan 100 a faranti mai ɗauke da antibiyotik. Kusan duka sun mutu, ƴan kaɗan suka tsira suka hayayyafa. Wane bayani ne daidai? (a) maganin ne ya tilasta musu sauyawa don su tsira. (b) sun koyi jure shi a hankali. (c) ƴan kaɗan ɗin dama sun sha bamban tun kafin maganin ya zo, ya kashe saura ya bar musu fili. (d) maganin ya ƙare kafin ya kai gare su."

Ta yi shiru, ta ciji biro, ta zaɓi (a). Ban ga laifinta ba. Haka zuciya ke so: wahala ta zo, halitta ta yi dabara, ta tsira. Haka muke ba da labarin mutane. Amma amsar (c) ce, kuma wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta ɗingishi a sauran karatun duka.

Na ce mata ta tambayi kakarta farin 1973 da na 1984. Shanu suka zube a ƙasar Abzin kamar ganye, raƙuma da awaki suka fi su rayuwa. Bayan fari, duk inda ka duba raƙumi ne da akuya. Shin fari ne ya koya wa raƙumi haƙurin ƙishirwa? Da haƙurinsa fari ya tarar da shi. Babu saniyar da ta ga rijiya ta ƙafe ta yanke shawarar fitar da tozo irin na raƙumi. Fari bai ƙera komai ba, zaɓe kawai ya yi.

Ko ki ɗauki rariya. Kin zuba gari kin tankaɗe, tsaki ya rage a sama. Rariya ce ta haifi tsakin? Yana cikin garin tun daga turmi, yawan gari ne ya ɓoye shi. Ko masu neman zinariya a Jado da Cibarakaten: a daka dutse buhu-buhu, a wanke, ƙasa ta bi ruwa, ɗan ƙyalli ya zauna a ƙasan kwano. Ruwa bai mai da ƙasa zinariya ba. Ko makiyayar da dabbobi suka cinye ciyawarta mai daɗi tun tana ɗanya, wadda ba sa so ta samu ta yi iri. Bayan damina uku sai ka ji ana cewa ƙasar ta lalace, babu komai sai ciyawar banza. Bakin dabba ne ya share mata gona.

Bambancin kawai shi ne tsaki ba ya haihuwa, zinariya ba ta haihuwa, bakteriya kuwa haihuwa ce sana'arta. Irin wadda ake kira E. coli, idan ta samu abinci da ɗumi, tana rabuwa biyu duk minti 20. Na ce ta lissafa. Guda ɗaya cikin awa bakwai ta haura miliyan biyu. Cikin awa goma ta haura biliyan ɗaya. Duk rabuwa sai ta kwafi littafin gadonta, wato DNA, kuma mai kwafi sau biliyan dole hannunsa ya goce wani wuri. Mafi yawan kurakuran ba su da amfani, wasu ma kashe mai su suke yi. Amma jefi-jefi kuskure ɗaya kan sauya siffar wurin da magani ke kamawa, kamar an canza kwaɗo mabuɗin ya daina shiga. Mai wannan kuskure ba ta fi ƴan uwanta komai ba, sau da yawa ma ta fi su rauni, har sai ranar da ka haɗiyi kafso ka kashe mata duk masu cin abinci tare da ita.

Wannan ba hasashe ba ne. A 1943 Salvador Luria da Max Delbrück sun nuna da lissafi cewa bakteriyar da ke tsira daga wani birus mai cin su ta sami sauyinta tun kafin ta haɗu da shi. A 1952 Joshua Lederberg da matarsa Esther suka ɗauki ƙyallen karammiski suna danna shi a faranti ɗaya suna buga hoton a wani, kamar hatimi, suka tsamo masu bijirewa daga farantin da magani bai taɓa shiga ba. Tun 1940, kafin a fara ba marasa lafiya penisilin a asibitoci, Edward Abraham da Ernst Chain sun riga sun gano sinadarin da wata bakteriya ke fitarwa ta tsinka shi. A 2011 kuma aka wallafa cewa an tono ƙasar ƙanƙara ta arewacin Kanada mai shekara 30,000 an tarar da umarnin gado na bijire wa penisilin da tetarasiklin a cikinta. Dalili a fili yake: yawancin magungunan nan daga fumfuna da ƙwayoyin cikin ƙasa aka samo su, kuma sun daɗe suna yaƙar juna da su kafin a haifi likitan farko.

Nan ta ɗago kai. "To Kawu, tunda tiriri yana lalata DNA, ai ke nan masu maganar yuraniyom suna da gaskiya." Tambaya ce mai kyau, kuma ƙarya ba ta yin tsawon rai sai da ɗan guntun gaskiya a cikinta. E, tiriri yana jawo sauyi a DNA, shi ya sa ake tsoronsa ga huhu da jini. Haka nan masana sun nuna wasu ƙarafa masu guba, irin su jan ƙarfe da zaiba, idan suka gurɓata ƙasa ko ruwa suna iya fifita bakteriyar da ke ɗauke da kariyar ƙarfe da ta magani a ƙunshi ɗaya. Amma bakteriya ba ta jiran tiriri kafin ta yi kuskuren kwafi. A cikin hanjinki kaɗai ana yin sa dare da rana. Kuskure kuma makaho ne, bai san amoksisilin ba balle ya nufe shi. Abin da ke mai da guda ɗaya ta zama biliyan shi ne mai tankaɗe. Sanannen umarnin gadon nan da ake kira NDM-1, wanda ke karya kusan duk dangin penisilin har da na ajiyar ƙarshe, a 2008 aka fara gano shi jikin wani mara lafiya a Suwidin da ya yi jinya a New Delhi. Ba daga ramin ma'adini ya fito ba. Rariyar Arlit ba a bayan gari take ba, tana kan tiren mai talla da cikin lokar kowane ɗaki.

Tambaya ta uku: satar amsa

"Wata bakteriya mai jawo atini ta wayi gari tana bijire wa magani huɗu lokaci guda, alhali iyayenta ba sa bijire wa ko ɗaya. Ta yaya?" Kuskuren kwafi huɗu a tare, kowane ya faɗa daidai, abu ne da lissafi ba ya ɗauka. Likitocin Japan ne suka ci karo da wannan a ƙarshen shekarun 1950 a kan Shigella, suka gano daga E. coli ta hanji take karɓowa. Bakteriya na da wasu ƴan zobban DNA da ake kira plasmid, tana miƙa wa maƙwabciyarta ta wata ƴar gada, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Wannan ba ta sha wahalar ganewa ba, domin na ce mata satar amsa ce a ɗakin jarrabawa. Ɗalibi ɗaya ya zo da ƴar takarda, kafin mai gadi ya waiga ta zaga benci biyar, har wanda bai taɓa buɗe littafi ba ya ci. Ko yadda waƙa ke bin wayoyi a tasha ba tare da intanet ba: wayar da ta karɓa ba ta san mawaƙin ba, amma ga ta tana rerawa.

A nan ne kafson mura ke nuna ɓarnarsa. Jikin mutum na ɗauke da bakteriya tiriliyan-tiriliyan, yawancinsu a hanji, masu zaman lafiya da shi. Ka sha amoksisilin don mura: birus bai ji ba, murar ta tafi da kanta bayan mako kamar yadda za ta tafi ko ruwan zafi ka sha, kai kuma ka ba kafso lada. A hanji kuwa an yi tankaɗe, masu ɗauke da zobe sun samu fili. Suna nan shiru wata da watanni, sai ranar da ɗaya ta hau mafitsara, ko ta shiga jinin mai jego, ko ta miƙa zoben ga ƙwayar taifot. Haka abin yake ga makiyayin da ke tsira wa raƙuma ko akuya allurar oksitetarasiklin duk lokacin da ta yi sanyi, washegari ya tatsi nono a yi cuku a kawo kasuwa, bai jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar ba.

Ga shi kuma garinmu mararraba ne. Mai zuwa Asamaka da Tamanrasset ta nan zai bi, wanda aka koro daga Aljeriya ta nan zai sauko, ɗan zinariya ya kwana, direban babbar mota daga Tawa ya kwana. Kowa da kayan hanjinsa, jandarma kuma ba ya tambayar bakteriya takarda. Inda masai ya yi ƙaranci, ruwa ya yi tsada, wanke hannu ya zama sai mai hali, zoben ba ya buƙatar kuɗin mota.

Tambaya ta huɗu: me ya sa huɗu?

"Me ya sa ake fara jinyar tarin fuka da magani huɗu a tare?" Wannan lissafi ne tsantsa, kuma ga garin da maza suka shekara suna shaƙar ƙurar dutse, daga ramukan kamfani har na zinariya, ba tambayar takarda kaɗai ba ce. Cikin ƙwayoyin tarin fuka kusan miliyan ɗaya, akan samu guda da dama can ba ta jin izoniyazid. Cikin kusan miliyan 100, akan samu guda da ba ta jin rifamfisin. Kogo ɗaya a huhun mai ciwo yana iya ɗaukar ƙwayoyi miliyan 100 har zuwa biliyan. Ke nan idan ka ba shi magani ɗaya, tabbas akwai mai tsira a ciki. Amma a samu guda da ta haɗa kuskuren biyu lokaci ɗaya, sai ka ninka miliyan ɗaya sau miliyan 100: ɗaya cikin tiriliyan 100. Babu huhun da ke ɗaukar wannan adadi. Wadda ta kuɓuce wa wannan, wancan ya tare ta. Farauta ce da karnuka ta kowace kusurwa.

To yaya ake samun tarin fukan da ya bijire wa biyun? Ta hannunmu. Jinyar wata shida ce, mutum ya ji sauƙi a wata na biyu ya koma rami. Ko ya ware ƙwayar da ke sa fitsarinsa ja ya daina sha. Ko maganin ya yanke a asibiti mako uku. Sai ya zama ana ba ƙwayar cutar jarrabawa ɗaya bayan ɗaya maimakon duka a rana guda, ta ci ta farko, ta huta, ta ci ta biyu. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945: lokaci na zuwa da kowa zai iya sayen penisilin a kanti, ya sha abin da bai isa ba, ya bar ƙwayoyin da ba sa jin sa. Kamar ya leƙo kasuwarmu, inda ake ɓallo kafso biyu daga kati a sayar dala ashirin, bayan katin ya yini a ranar da ke narkar da roba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. Kafson da ke ɗauke da rabin ƙarfinsa rariya ce mai ƙananan huji: tana kashe raunana ta bar masu ɗan tauri.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce gara ke nan in yi ta sha mako biyu don in tabbatar. Kowace ranar da aka ƙara ba da dalili ba tankaɗe ne a hanji, shi ya sa likitoci suka rage kwanakin jinyar cututtuka da dama. Kwanakin da aka yanke maka, su za ka cika, ba ragi ba ƙari.

A nan Nijar tana da abin ɗaga kai. Tun 2008 aka fara gwada gajeriyar jinyar tarin fuka mai bijirewa tare da ƙungiyar Damien, maimakon tsohuwar mai ɗaukar kusan shekara biyu. Cikin marasa lafiya 65 na farko, 58 suka warke. Irin wannan sakamako, tare da na Bangladesh da Kamaru, na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeriyar jinyar a 2016. Sirrin ba wani sabon sihiri ba ne: awo kafin jinya, magani bai yanke ba, ana bin mara lafiya har ya gama.

Wadda ba ta da (a), (b), (c), (d)

Da muka gama takardar na ba ta wata daga kaina. A gwajin da aka kira MORDOR, wanda aka wallafa a 2018, an riƙa ba yara ƴan wata ɗaya zuwa wata 59 azitromisin sau biyu a shekara a ƙauyukan jihar Doso, masu ciwo da marasa ciwo. Mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100. Da aka duba hanci da hanjin yaran kuma, an ga ƙwayoyin da ke bijire wa dangin wannan magani sun ƙaru. "Ke ce minista," na ce. "A ci gaba ko a tsaya?" Ta daɗe ba ta ce komai ba. Gaba kura, baya sayaki. Daga ƙarshe ta ce, "A ci gaba, amma a riƙa aunawa." Ban da abin da zan ƙara a kai. Antibiyotik kamar rijiyar hamada yake, duk wanda ya ɗiba ya rage wa na baya. Ɗiba don ceton ran yaro hujja ce da za a iya tsayawa a kanta. Ɗiba don mura, ko don "wanke ciki" bayan tafiya, ko don mai talla ya ce kafson ja-da-rawaya na maganin komai, ɓarnar ruwa ce.

"A riƙa aunawa" ɗin nan ne inda gizo ke saƙa. Hanyar sanin wane magani ke cin wace ƙwaya ita ce a shuka ta a faranti a jera mata magunguna a ga wanda ya share kewayensa. Ana kiran sa antibiyogiram, kwana biyu zuwa uku yake ɗauka, kuma ba fasahar zuwa wata ba ce. Garin da ke da na'urorin auna yuraniyom a cikin dutse daidai da ƙwayar zarra bai kamata majo ya riƙa harbi cikin duhu a kan fitsarin mai ciki ba, balle a ce samfur sai ya bi kilomita 240 na wannan hanya zuwa Agadas, ko fiye da 1,000 zuwa Yamai. Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar Lome ta yaƙi da jabun magunguna a Janairun 2020. Muna ganin ana tara kwalaye a cinna musu wuta gaban kyamara, kafin toka ta huce tire ya koma kan mai talla. Ba zai daina dawowa ba muddin uwa ta je asibiti da takardar jinyar yara kyauta, wadda aka kafa tun 2006, aka ce mata maganin ya ƙare. Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ana makon faɗakarwa a kan wannan matsala, a raba riguna da huluna. Da kuɗin hulunan za su sayi faranti da garin shuka ƙwaya, da mun fi godewa.

Mu ma ba fita za mu yi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne ke ɓata rai idan likita ya ce mura ce, je ka sha ruwa ka huta, mu fito muna cewa bai iya aiki ba. Mu ne ke tsayawa gaban mai kantin magani ba takarda mu ce "mai ƙarfin nan" muke so, in ya hana mu je na gaba. Mu ne ke ajiye ragowar kati don baƙo.

Bayan kwana uku na biya gidansu na tarar ana ƴar muhawara a tsakar gida. Babanta ya tashi da mura, ya aike ta ta ɗauko masa sauran kafson da ƙaninta ya bari a saman firji. Ta kawo masa shayi da lemun tsami, kafson kuma ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba naka ba ne, ba kuma na mura ba ne. In zazzaɓi ya haura ko numfashi ya yi nauyi, ni zan raka ka asibiti." Ya dube ni ya ce, "Ka ga aikinka ko? Tun ba ta zama likita ba ta fara hana ni magani a gidana." Ya kurɓi shayin, ya yi atishawa, ya ce ƙurar yuraniyom ce.